Yadda Ake Zaɓar Sigar Aikatau a Jimlolin "If" na Turanci, Mataki-mataki

Babu tambayar da ɗalibaina da masu shirin jarrabawar WAEC, NECO da JAMB suka fi maimaita mini kamar wannan: "Malam, idan na fara jimla da *if*, yaya zan san ko *will* zan sa, ko *would*, ko *would have*?" Kwanan baya ma wani ƙanena da ya gama digiri ya kawo mini takardar neman aiki in duba masa. Turancinsa tsaf daga sama har ƙasa, sai a layin ƙarshe ya rubuta: *If you gave me this opportunity, I will not disappoint you.* Na ja jan layi a ƙarƙashin *gave*. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ai 'idan kun ba ni' nake nufi. 'Kun ba ni' kuwa ba abin da ya wuce ba ne?"

Tambayarsa ta yi mini daɗi, domin ta nuna inda gizo ke saƙar. Yaron da Hausa yake tunani, kuma ba laifi ba ne. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa inda Hausa da Turanci suka yi hannun riga a wannan babi, da kuma inda Hausar za ta taimake shi. Bahaushe yana da "idan" yana da "da", kuma tun yana yaro bai taɓa rikita su ba. Wannan kaɗai rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne za mu bi daki-daki.

Kayan aiki

Littafin rubutu guda wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba, da biro biyu, shuɗi da ja. Sai ƙamus na masu koyon Turanci, irin wanda ke da jerin aikatau masu sauya kama a shafukan ƙarshe. Idan kana da waya, BBC Learning English da British Council suna da darussa kyauta a intanet, kuɗin data kawai za ka kashe. Ka ware minti 20 kullum na mako biyu. Ya fi ka zauna awa huɗu a daren jarrabawa.

1. Raba jimlar gida biyu

Kowace jimlar sharaɗi ɓangare biyu gare ta: ɓangaren sharaɗi, wato wanda *if* take ciki, da ɓangaren sakamako. Ka rubuta na sharaɗi da jan biro, na sakamako da shuɗi. Ko wanne ya zo farko ma'ana ba ta canjawa:

*If it rains, we will plant.*
*We will plant if it rains.*

Gargaɗi: idan *if* ce ta buɗe jimla, ana sa waƙafi tsakanin ɓangarorin. Idan a tsakiya ta zo, ba a sa shi.

2. Ka riƙe sigogin aikatau uku

Kada ka tsallake wannan matakin, domin duk ginin a kansa yake. Aikatau na Turanci yana da sigogi uku da za mu yi ta kira da lamba. Masu bin ƙa'ida ba su da wuya, *-ed* ake ƙara musu a siga ta biyu da ta uku: *work, worked, worked*. Masu sauya kama su ne ke kayar da mutane:

*go, went, gone*
*see, saw, seen*
*write, wrote, written*
*take, took, taken*
*know, knew, known*
*come, came, come*
*buy, bought, bought*
*put, put, put*

Ka kwafi guda biyar kullum daga bayan ƙamus, ka faɗe su da ƙarfi har sai bakinka ya saba.

Gargaɗi biyu da za su bi ka har ƙarshe. Bayan *will, would, can, could, may, might*, siga ta ɗaya ce ke zuwa a koyaushe, don haka babu *would went* a Turanci. Bayan *have* ko *had* kuma siga ta uku ce, don haka *had saw* da *would have wrote* kuskure ne, sai dai *had seen* da *would have written*.

3. Tambayar farko: "idan" ne ko "da" ne?

Kafin ka taɓa aikatau, ka faɗi abin da kake nufi da Hausa a zuciyarka, ka saurari kalmar da ta buɗe maganar.

"Idan na sami kuɗi, zan sayi babur." Mai wannan magana yana sa rai. Ƙofa a buɗe take, kuɗin suna iya zuwa.

"Da ina da kuɗi, da na sayi babur." Wannan kuwa ya riga ya gaya maka aljihunsa babu komai. Zato kawai yake yi a kan abin da ba haka yake ba.

Turanci kalma ɗaya ce gare shi ga duka biyun, wato *if*. Tunda ba shi da "da", sai ya ɗora nauyin bambancin a kan aikatau: idan magana ta zato ce, sai ya ja aikatau baya taki ɗaya a lokaci. Abin da ake zato a kan yau sai ya sa rigar jiya. Abin da ake zato a kan jiya sai ya sa rigar shekaranjiya. Idan ka fahimci wannan, ba ka buƙatar haddace tsarin jimloli kamar karatun aku. Littattafan nahawu suna kiran nau'o'in da lamba, sifili, ɗaya, biyu da uku. Sifili da ɗaya gidan "idan" ne, biyu da uku gidan "da" ne.

4. Gidan "idan": abin da aka saba da abin da ake sa rai

Idan maganar gaskiya ce ta kullum, wadda duk lokacin da sharaɗin ya cika sakamakon yakan biyo, ɓangarorin biyu duka a lokacin yanzu suke, babu *will*. A Hausa za ka ji "yakan" ko "yana" a sakamakon:

Idan ka ɗora man shanu a wuta, yana narkewa.
*If you heat butter, it melts.*

Idan kuwa wani abu takamaimai ake jira nan gaba, ɓangaren *if* yana nan a lokacin yanzu, sakamako ya ɗauki *will* da siga ta ɗaya:

Idan an yi ruwa gobe, za mu yi shuka.
*If it rains tomorrow, we will plant.*

Ba dole sai *will* ba. Umarni ma yana zama sakamako, haka *can, may, must, should*: *If you see Musa, greet him for me.* *If you finish early, you can go.*

A nan ne aka fi faɗuwa, saboda haka bari in tsaya.

Gargaɗi na farko, shi ne na ƙanena. Bayan "idan", Hausa tana amfani da sigar da muka saba ji a abin da ya kammala: "idan ya zo", "idan kun ba ni", "idan an yi ruwa". Kunne ya ji "ya zo", hannu sai ya rubuta *came*. Amma mutumin bai zo ba tukuna, jiransa ake yi. Turanci yana son *if he comes*, *if you give me*, *if it rains*. Da ƙanena ya rubuta *gave* sannan ya bi ta da *will*, ya haɗa kan gidan "da" da wutsiyar gidan "idan". Gyaran harafi ɗaya ne kawai: *If you give me this opportunity, I will not disappoint you.*

Gargaɗi na biyu, kishiyar na farko. Wanda ya lura cewa maganar ta gobe ce sai ya ce to ai gaba *will* ce, ya rubuta *If he will come tomorrow, I will tell him.* Wannan ma kuskure ne. *Will* ɗaya ta isa, kuma a ɓangaren sakamako take zama. Akwai wurin da za ka ji Bature ya sa *will* bayan *if*, lokacin roƙo cikin ladabi, kamar ma'aikacin ofis ya ce *If you will wait here, I will call the manager*, ma'ana "in ba damuwa ka ɗan jira". Ka san da shi don kada ya ruɗe ka, amma kada ka gina amsar jarrabawa a kansa.

Gargaɗi na uku: kada ka manta da *-s* ɗin mutum na uku, wato wadda ake ƙara wa aikatau idan ana magana a kan *he, she* ko *it*. *If she comes*, *if the bus leaves*, *if he doesn't pay*.

Gargaɗi na huɗu: ba kowane "idan" na Hausa ne *if* ba. A watan azumi mukan ce, "Idan rana ta faɗi, za mu sha ruwa." Babu mai shakkar faɗuwar rana, lokaci kawai ake jira, don haka *when* ce: *When the sun sets, we will break our fast.* Ka gwada musanya "idan" da "sa'ad da". Idan ma'anar ta zauna daram kuma babu shakka a ciki, *when* za ka sa. Tsarin aikatau bai canja ba, bayan *when* ma ba a sa *will* a irin wannan jimla.

Haka kuma ba kowace *if* ta Turanci ce "idan" ba. *I don't know if he will come* daidai ne, domin wannan *if* "ko" take nufi: ban sani ba ko zai zo. Ba sharaɗi ba ne, dokar hana *will* ba ta shafe ta ba.

5. Gidan "da", tambaya ta biyu: yanzu ne ko can baya?

Saurari waɗannan:

Da ina da kuɗi yanzu, da na sayi babur.
Da ina da kuɗi bara, da na sayi babur.

A Hausa aikatau bai motsa ba, "yanzu" da "bara" ne suka raba gardama. Turanci bai yarda da haka ba, kowanne da tsarinsa. Saboda haka duk lokacin da ka ji "da", ka sake tambayar kanka: zaton nan a kan halin da ake ciki ne, ko a kan abin da ya riga ya wuce?

Idan na yanzu ne, ko na gaba da ba a sa ran aukuwarsa, ɓangaren *if* ya ɗauki siga ta biyu, sakamako ya ɗauki *would* da siga ta ɗaya:

*If I had money now, I would buy a motorcycle.*
*If she knew the way, she would take us there.*

*Had* da *knew* a nan ba jiya suke nufi ba. Alama ce kawai ta cewa maganar ba gaskiyar yau ba ce: kuɗin babu, hanyar ba ta san ta ba.

Zaɓin yana nuna abin da ke zuciyar mai magana. Ɗan takarar da hotonsa ke manne a bango zai ce *If I become governor, I will build schools*, domin yana sa rai. Ni da nake riƙe da alli a aji sai in ce *If I became governor, I would build schools*, wato "da a ce zan zama gwamna". Jimlolin biyu daidai suke. Abin da ba daidai ba shi ne ka ɗauki rabin wannan ka liƙa a rabin wancan.

Gargaɗi: a wannan tsari *were* ake sa wa kowa a madadin *was*, har *I, he, she, it*. "Da ni ne kai" shi ne *If I were you*. *If he were here, he would help us.* Za ka ji Turawa suna cewa *if I was* ko *if he was* a hira, amma a jarrabawa da wasiƙar ofis *were* za ka zaɓa.

Gargaɗi: kamar yadda *will* ba ta zama a ɓangaren *if*, haka ma *would*. *If I would have money* kuskure ne. Abin da ke jawo shi, a ganina, shi ne "da" ɗinmu sau biyu take zuwa, ɗaya a kowane ɓangare, sai ɗalibi ya ga ya kamata *would* ma ta zo sau biyu.

Idan iko kake nufi ka sa *could* a madadin *would*, idan yiwuwa ce ka sa *might*.

6. Gidan "da", abin da ya riga ya wuce

Wannan shi ne tsarin nadama da "da na sani". Abu ya auku ko bai auku ba, bakin alƙalami ya bushe, ana dai waiwaye. Ɓangaren *if* ya ɗauki *had* da siga ta uku, sakamako ya ɗauki *would have* da siga ta uku:

Da na sani, da ban je ba.
*If I had known, I would not have gone.*

Da ta fito da wuri, da ta sami motar.
*If she had left early, she would have caught the bus.*

Ka lura da yadda ake karanta gaskiyar da ke ƙarƙashi: ba ta fito da wuri ba, kuma motar ta tafi ta bar ta. Jarrabawa tana son irin wannan tambaya, a ba ka jimla a ce ka zaɓi ma'anarta. Ka juya kowane ɓangare, mai "e" ya koma "a'a", mai "a'a" ya koma "e", za ka ga amsar.

Gargaɗi: jimlarmu ta babur ta bara tana fitowa da *had* biyu a jere: *If I had had money last year, I would have bought a motorcycle.* Ɗalibai sukan ɗauka kuskuren bugu ne su goge ɗaya. Kada ka goge. Ta farko ta tsarin ce, ta biyu siga ta uku ce ta *have* mai nufin mallaka.

Gargaɗi: bayan *would* kullum *have* ce, ko da mutum ɗaya ake magana a kansa. Babu *she would has*, babu *he would had*. Kuma *would of* da ake gani a saƙonnin waya kuskuren rubutu ne da ya samo asali daga yadda ake furta *would've*.

Gargaɗi: gajeriyar *'d* fuska biyu gare ta. A *If I'd known, I'd have come*, ta farko *had* ce, ta biyu *would* ce. Dubi abin da ya biyo ta: siga ta uku na nufin *had*, siga ta ɗaya na nufin *would*. A wasiƙar ofis ka rubuta su cikakku.

A finafinan Amurka za ka iya jin *If I would have known*. Maganar baka ce, mai duba takardar jarrabawa ba zai karɓe ta ba.

7. Idan lokutan suka gauraya

Wani lokaci sharaɗin a baya yake, sakamakon kuma yau ake ganinsa: "Da na karanci likitanci, da yanzu ni likita ne." Sai kowane ɓangare ya bi lokacinsa: *If I had studied medicine, I would be a doctor now.* Kalmar *now* ko *today* a sakamako ita ce alamar. Ka bar wannan sai matakai na 5 da 6 sun zauna maka.

8. Sharaɗin da ba shi da "if"

*Unless* tana nufin "sai dai idan" ko "in ba", korewa na cikinta tun asali. *Unless you pay, you will not enter.* Kuskuren da na fi gani shi ne a ƙara mata wata korewar, a rubuta *unless you don't pay*, ma'ana ta kife. *As long as* da *provided that* su ne "muddin" ko "matuƙar", tsarinsu irin na mataki na 4.

*In case* ba *if* ba ce, "ko da" ce ta riga-kafi. *Take an umbrella in case it rains*: ɗauki lema tun yanzu ko da za a yi ruwa. *Take an umbrella if it rains*: sai an fara ruwan za ka ɗauka.

A rubutu mai nauyi ana cire *if* a juya kalmomin. *Had I known, I would have come* daidai yake da *If I had known*. Haka *Were I you* da *Should you need help, call me*. Idan ka ga *Had* ta buɗe jimla ba tambaya ba, ka nemi *would have* a ɗaya ɓangaren.

9. A ɗakin jarrabawa da kuma a gida

A tambayoyin zaɓi, ɓangare ɗaya ake ba ka a bar gurbi a ɗayan. Kada ka fara da karanta zaɓuɓɓukan. Ka dubi aikatau ɗin da aka riga aka ba ka. Lokacin yanzu yana kiran *will*, siga ta biyu tana kiran *would*, *had* da siga ta uku suna kiran *would have*. Idan sakamakon aka ba ka, ka bi hanyar ta baya. Sannan ka duba ko akwai *now* ko *yesterday* da za su sauya lissafi. Sai ka rubuta amsarka a gefe kafin ka leƙa A zuwa D.

A gida kuma, kullum ka rubuta jimloli biyar daga rayuwarka, da Hausa tukuna, ka zagaye "idan" ko "da" da jan biro, sannan ka mayar Turanci. Ga shida ka fara da su. Ka rufe amsoshin da hannu sai ka gama.

1. Idan Amina ta ci jarrabawa, babanta zai saya mata waya.
2. Da ni ne kai, da na nemi gafararsa.
3. Da direban bai yi gudu ba jiya, da hatsarin bai faru ba.
4. Idan damina ta wuce, za mu gyara rufin.
5. Ban sani ba ko za su biya albashi yau.
6. Da ka sha maganin jiya, da yanzu ka ji sauƙi.

Amsoshi:

1. *If Amina passes the exam, her father will buy her a phone.*
2. *If I were you, I would apologise to him.*
3. *If the driver had not driven too fast yesterday, the accident would not have happened.*
4. *When the rainy season ends, we will repair the roof.*
5. *I don't know if they will pay salaries today.*
6. *If you had taken the medicine yesterday, you would feel better now.*

Idan ka rubuta *passed* a ta 1, koma gargaɗin farko na mataki na 4. Idan ka sa *if* a ta 4, sake gwada ta da "sa'ad da". Wanda ya rubuta *drove* bayan *had not* a ta 3 kuma, tsarin ya gane, jerin aikatau na mataki na 2 ne bai zauna ba, sai ya ƙara *drive, drove, driven* a cikin biyar ɗinsa na gobe.